Ƙunshi a gaban kyamara: abin da shirye-shiryen masu jarfa na Amurka ke nuna wa Garwa

A watan Disamban 2024 an yi abubuwa biyu da suka shafi tafin hannun matan arewacin Kamaru, kodayake babu wanda ya ambaci Garwa a cikinsu. A farkon watan, kwamitin hukumar UNESCO da ya zauna a birnin Asunción na ƙasar Paraguay ya sanya lalle cikin jerin al'adun da duniya ta gada kaka da kakanni, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16. A ranar 23 ga watan kuma shugaba Paul Biya ya rattaba hannu a kan doka mai lamba 2024/017 ta kare bayanan mutane. Inda waɗannan biyu suka haɗu shi ne ɗakin mai ƙunshi a Yelwa ko Foulbéré ko Roumdé Adjia, inda sau da yawa ake zana wa amarya fulawa a hannu, wata yarinya na tsaye a kanta da waya tana ɗauka.

Wannan ɗauka ita ce mafi kusa da abin da masu kallo a Amurka da Turai suka saba gani shekara ashirin ke nan, wato shirye-shiryen talabijin da ake bin masu yin jarfa da kyamara a shagunansu, irin waɗanda masu jin Faransanci ke kira téléréalité. Matasan Garwa da Marwa da Ngaundere suna cin karo da guntayensu a Facebook da YouTube, wasu da fassarar Faransanci. Yawanci akan kalla ne a yi tsaki, a ce harkar Turawa ce. Amma yadda aka gina waɗannan shirye-shirye shi ne yadda ake gina bidiyon ƙunshi a yau, kuma matsalolin da suka jawo can sun fara leƙowa nan da wata kama.

Daga Miami aka fara

Shirin da ya buɗe ƙofa shi ne Miami Ink, wanda tashar TLC ta fara nunawa a 2005. An kafa kyamara a shagon Ami James da Chris Núñez, mutum ya shigo ya faɗi abin da yake so a zana masa da dalilinsa: wani mahaifiyarsa ta rasu, wata ta warke daga ciwon daji, wani ya dawo daga yaƙi. Ana zane yana ba da labari, a ƙarshe ya tsaya gaban madubi ya ga aikin, wani lokaci ya fashe da kuka. Ɗaya daga cikin masu zanen, Kat Von D, ta bar shagon ta samu nata shirin, LA Ink, a 2007, kuma daga nan ta kafa kamfanin kayan kwalliya. Wannan ne darasin farko da 'yan sana'ar suka ɗauka: kyamara tana iya mai da mai shago ɗaya sanannen suna.

Bayan nan salon ya sauya. Ink Master, wanda aka fara a 2012 da mawaƙi Dave Navarro a matsayin mai gabatarwa, gasa ce da kyautarta a farkon shirin ta kasance dala 100,000. Ana ba masu zane 'yan sa'o'i su gama aikin da a shago zai iya cin zama biyu ko uku, kuma mutanen da ake zana wa sunansu a shirin ya koma wani abu kamar "allo mai rai". Alƙalai su tsaya su kushe zanen a gaban duniya, alhali mai jikin zai koma gida da shi har ƙarshen rayuwarsa. Daga baya aka samu shirye-shiryen gyaran ɓarna, Tattoo Fixers a Ingila daga 2015, da Tattoo Cover a tashar TFX ta Faransa, inda ake rufe mummunan zane da wani sabo. MTV kuwa ta kai abin ƙarshe a 2017 da Just Tattoo of Us: aboki ko masoyi ya zaɓa maka zane ba ka gani ba, sai an gama a buɗe maka ido. Abin da ake sayar wa mai kallo a nan shi ne fuskar wanda aka ci amanarsa.

Cikin shekara goma sha biyu, wanda ake yi wa aiki ya tashi daga mai labari ya koma kayan aiki, sannan ya koma abin dariya. Sai dai a duk waɗannan shirye-shirye akwai abu ɗaya da ba ya sauyawa: babu wanda ke fitowa a allo sai ya sa hannu a takardar amincewa, kuma ya san miliyoyin mutane za su gan shi.

Me ya sa babu irinsa a nan

Babu mamaki da ba a ga shagon jarfa a talabijin ɗin Hausa ba. Hadisin da ya la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa yana cikin Buhari da Muslim, kuma yara suna jin sa tun a Islamiyya. Amma kuskure ne a ɗauka cewa zanen jiki na dindindin baƙo ne a wannan yanki. Kalmar jarfa kanta tsohuwar Hausa ce. Wanzamai sun daɗe suna yin bille da kalangu da sauran tsagar gado da ake gane Bagobiri ko Bakabe ko Babarbare da ita tun daga nesa. A kasuwannin ƙauyukan da ke kewaye da Garwa har yanzu ana ganin matan Mbororo da jarfa a goshi da kumatu da gefen baki, kuma tsofaffin mata da yawa a yankin Sahel an yi musu baƙin dasashi da allura da baƙin tukunya tun suna 'yan mata.

Wannan tsohon zane yana ja da baya. Wa'azi ya taka rawa, makaranta ta taka, tsoron cututtukan da aska ɗaya ke yaɗawa, musamman ciwon hanta da ya yi yawa a arewacin Kamaru, shi ma ya taka. A Najeriya sashe na 24 na dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ya hana yi wa yaro jarfa ko tsaga. Abin lura shi ne, yayin da askar wanzami ke komawa kube, jarfa tana dawowa ta ƙofar shagon kwalliya, da sunan zanen gira na dindindin da jan leɓe da ake yi da allura. Malamai da dama suna ganin wannan jarfa ce aka sauya wa suna, kuma a wajen fata babu bambanci, domin launi ne ake tura wa ƙarƙashinta.

Duk da haka, sana'ar da ta cika gurbin ita ce ƙunshi. Shi addini bai hana shi ba, al'ada kuma ta ɗora biki a kansa. Bahaushe ya ce lalle, Bafillace da Babarbare su ce nalle, kuma a gari irin Garwa, inda Fulatanci ne harshen kasuwa, kuma Hausawa da Barebari da Larabawan Shuwa suke auratayya, salo yana cakuɗuwa: ƙunshin salatif mai kusurwoyi, zanen fulawa irin na Sudan da ƙasashen Larabawa, ga dilka da halawa da suka biyo hanyar Borno da Chadi. Mai ƙunshi ba ta da allon talla a bakin titi. Da can sunanta yana yawo ne daga bakin wannan gwaggo zuwa waccan. Yanzu yana yawo a WhatsApp da TikTok.

Wanda ya kalli bidiyon nan da idon wanda ya san Miami Ink zai gane ƙashin bayansu nan take. Ana fara nuna hannu fari fes, sai a gaggauta hoton zanen, a ɗora waƙar Hausa ko ta Fulatanci, a ƙare da buɗe hannu ana juya shi a haske. Aikin sa'a huɗu ya koma daƙiƙa talatin. Wani lokaci kyamara takan ɗaga ta kama fuskar amarya tana rufe ido da mayafi, ƙawaye suna guɗa, kuma irin wannan ne aka fi kallo, saboda mutane labarin mutum suke so fiye da zanen fulawa. Masu shirya talabijin a Amurka sun gane haka tun 2005.

Baƙin da kyamara ke so

Matsala ta farko ta launi ce. Lalle na gaskiya, wanda ake dakawa daga ganye, yana da sinadarin da ke kama saman fata a hankali. Sai an bar shi sa'o'i, wasu ma su kwana da shi, kuma in an kankare yakan fito ruwan lemo ne, sai bayan kwana ɗaya ko biyu ya nuna ya yi ja mai duhu. Cikin mako biyu zuwa uku ya goge yayin da fata ke sabuntawa. Wannan haƙuri bai dace da bidiyo ba. Mai ƙunshi tana son ta ɗauki sakamakon kafin amarya ta fita daga ɗakin, kuma a fata mai duhu baƙi ya fi fitowa a hoto.

Babu ganyen lallen da ke ba da baƙi wuluk. Abin da ake kira baƙin lalle ko dayis yawanci rinin gashi ne mai sinadarin PPD, wanda ke kama fata cikin ƙasa da sa'a ɗaya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a rinin gashi kaɗai, ta kuma yi gargaɗi a kan shafa shi a fata. Tarayyar Turai ta ƙayyade shi da kashi 2 cikin 100 a rinin gashi bayan an haɗa. Wanda ake kwaɓawa a murfin kwalba a tsakar gida kuwa babu mai auna shi.

Yadda yake cutarwa shi ne abin da ya sa ake raina haɗarinsa. A karon farko mace na iya shafawa lafiya lau, sai bayan kwana huɗu zuwa mako biyu wurin ya fara ƙaiƙayi, ya kumbura, ya yi ƙuraje masu ruwa daidai bin layin fulawar. A lokacin an gama biki, an kai amarya, bidiyo ya riga ya zagaya. Idan jiki ya riga ya ƙi sinadarin, ya ƙi shi ke nan har abada: duk ranar da ta rina gashi fuskarta na iya kumbura, wani lokaci ma wasu rinin tufafi da wasu magunguna su tayar mata da shi. A baƙar fata ciwon yakan bar tabo fari ko baƙi mai siffar zanen, wanda kan ɗauki watanni, wani ma ya zauna. Matar da ta guji jarfa don tsoron Allah sai ta tashi da zanen da ba ya fita, ba tare da ta zaɓa ba. Likitoci a Sudan da Maroko sun daɗe da sanin wata fuskar wannan sinadari, domin wanda ya haɗiye shi maƙogwaronsa na iya toshewa, ƙodarsa ta lalace, don haka ajiye garinsa inda yara ke wasa ganganci ne. Ko jan lallen ma akwai jariran da ke da wata larurar jini ta gado, wadda likitoci ke kira ƙarancin G6PD, da shafa musu shi kan farfasa musu jini.

Ba masu ƙunshi kaɗai ke da laifi ba. Amarya ce ke zuwa da hoton da ta gani a waya ta ce irin wannan take so, baƙi sosai, kuma yau ɗin nan. Wadda ta ce a jira jan lalle ya nuna tana iya rasa ciniki ga maƙwabciyarta. Amma a nan akwai abin da shirye-shiryen Turawa, duk da aibinsu, suka fi mu: sun nuna ɓarnar. Tattoo Fixers gaba ɗayansa a kan aikin da ya lalace aka gina shi. A shafin mai ƙunshi kuwa babu wadda za ta sa hoton hannun da ya kumbura, kuma wadda abin ya shafa kunya ba za ta bar ta ta nuna ba. Mai kallo yana ganin ranar farko ne kawai.

Wa ya ba da izini

Matsala ta biyu ta fi ta farko wuyar magani. A Amurka abin da ke dawwama shi ne tawadar da ke cikin fata. A Garwa lallen ne ke gogewa, bidiyon ya zauna.

Yawanci izinin da ake nema bai wuce kalma biyu ba: "Anti, in ɗauka?" Ana tambayar ne a lokacin da hannuwan mace biyu ke jiƙe da lalle, ƙawaye sun kewaye ta, kuma wadda ke tambayar 'yar unguwa ce ko 'yar'uwa. Cewa a'a a irin wannan wuri yana da nauyi. Ta amince a ɗauki hannu, amma ba ta san ko ƙafa da ƙwauri za su shiga ba, ba ta san ko za a ji muryarta tana hirar miji ba, ba ta kuma san ko bidiyon zai tsaya a WhatsApp na kwana ɗaya ne ko zai hau TikTok inda kowa zai iya saukewa. Ɗakin ƙunshi wuri ne na mata zalla, inda ake cire mayafi a saki jiki, a yi maganar da ba a yi a gaban maza. Waya ta shigo da maza ɗakin ba tare da sun yi sallama ba.

Ga mace a wannan yanki farashin irin wannan bidiyo ba ƙarami ba ne. Kamaru ba ta da Hisbah, amma masu bin labaran Kano sun ga yadda taƙaddama a kan matan TikTok ta yi zafi har Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye shugabancin hukumar na 'yan kwanaki a watan Maris na 2024. A Garwa hukuncin ba ya bi ta kotu. Yana bi ta wayar uwar miji, ko ta ƙanin ango da ya ga bidiyon a hannun abokansa a majalisa. Kuma tunda dangi ɗaya sukan rabu tsakanin Garwa da Yola da Mubi da N'Djamena, abin da aka ɗauka a gefen Binuwai da safe yana iya isa gidan kawu a Jimeta kafin la'asar.

A takarda, dokar Kamaru tana gefen amarya tun kafin 2024. Sashe na 74 na dokar laifukan intanet ta 21 ga Disamban 2010 ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyu da tarar sefa miliyan 1 zuwa miliyan 5 ga wanda ya ɗauka ko ya yaɗa bayanan sirrin wani ba da yardarsa ba. Sabuwar dokar ta 2024 ta ƙara da cewa yarda ita ce ginshiƙin sarrafa bayanan mutum, ta tanadi kafa hukuma ta musamman, ta kuma ba masu riƙe da bayanan jama'a watanni 18 su daidaita, wa'adin da ke cika a watan Yunin 2026. Najeriya ta yi tata dokar a 2023. An rubuta waɗannan dokoki ne da bankuna da kamfanonin waya a zuciya, irin su MTN da Orange, amma hoton mace da aka sa don tallan sana'a shi ma bayanin mutum ne. Tambayar ita ce wace amarya ce za ta je ofishin 'yan sanda ta kai ƙarar mai ƙunshin unguwarsu, ta kuma yi bayani da Faransanci a gaban maza a kan bidiyon ƙafarta. Kuma in wanda ya sake yaɗa shi yana tsallaken iyaka, dokar Yawunde ba ta kai gare shi.

Ita ma mai ƙunshin ba wata riba take kwasa daga kamfanin ba. TikTok ba ya biyan masu bidiyo a Kamaru bisa yawan kallo kamar yadda yake biya a Amurka da Faransa. Ita ke sayen data, ita ke ba da aikinta kyauta ga duk mai son kwaikwayo, ladanta kawai ƙarin masu zuwa a daren Sallah da makonnin da bukukuwa ke cunkushewa kafin azumi. Ga matan da ke ciyar da gida da wannan sana'a daga cikin ɗaki, wannan lada ba abin rainawa ba ne, shi ya sa kiran a daina ɗauka ba zai yi tasiri ba. Abin da ke iya yiwuwa ƙarami ne: a tambaya kafin a fara kwaɓa lalle, a nuna wa mai hannu bidiyon kafin a sa, a tsaya a wuyan hannu, a cire in ta ce a cire. Wadda ta yi suna da riƙe sirri da amfani da lalle mai tsabta tana da abin talla da ya fi waƙar da aka ɗora a bidiyo.

Sunan da ba ya cikin jerin

Zaman UNESCO na Asunción ya yi wa yankin nan daɗi ta wasu fuskoki. A zama ɗaya aka amince da hawan daba na Kano da bikin Ngondo na al'ummar Sawa a Duwala. Amma a takardar lalle, ƙasashen da aka rubuta sun haɗa da Sudan da Masar da Maroko da Muritaniya da Saudiyya da Yaman, babu Najeriya, babu Nijar, babu Chadi, babu Kamaru. Ba hana su aka yi ba. Ƙasashen Larabawa ne suka haɗa kai suka shirya takardunsu, kuma ƙa'idar hukumar ta yarda a faɗaɗa irin wannan rajista in wata ƙasa ta nemi shiga daga baya. Sai dai neman yana buƙatar a rubuta al'adar a ƙididdigar ƙasa, a ɗauki hotuna da bidiyo da yardar masu ita, a nuna yadda ake koyar da ita. Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, da ta Marwa da ta Ngaundere suna da ɗaliban da wannan aiki ke bakin ƙofarsu.

A halin yanzu, babbar taskar ƙunshin Hausawa da Fulani da Barebari tana cikin TikTok ne, a guntayen da ba su faɗin sunan salo, ba su faɗin wa ya koya wa wa, kuma suna fifita zanen da aka kwafo daga Dubai da Indiya a kan ƙunshin da kakanni suka yi. Idan wata rana Arewa24, wadda ke watsa shirye-shiryen Hausa tun 2014 kuma ake kallonta a gidajen Garwa ta tauraron ɗan'adam, ko tashar CRTV ta yankin Arewa, suka yi tunanin shirin masu ƙunshi, kayan aiki suna nan a shirye: gwanaye, amare, uwayen biki, rigimar farashi, daren Sallah da layi har ƙofar gida. Za su tarar da misali biyu a gabansu. Akwai na 2005, inda ake barin mai jiki ya faɗi labarinsa da bakinsa, akwai kuma na gasa, inda agogo ke gudu, alƙalai na jira, kuma duk wadda ke son ta gama a kan lokaci dole ta ɗauko dayis.